Tarihin Za'ba, Babban Malamin Harshen Malayawa

Ina so in ba ku labarin wani malamin makaranta na ƙasar Malaya, wadda yanzu ta ke cikin Malesiya, can gabas da ƙasar Indiya. Sunansa Zainal Abidin bin Ahmad, watau Zainul Abidina ɗan Ahmadu in da a bakinmu ne, amma duk ƙasarsu da Za'ba aka san shi. Baƙaƙen farko na kalmomin sunansa ya tsinta ɗaya ɗaya, yadda a ke rubuta su da Larabci, ya haɗa, ya riƙa sa hannu da su a ƙarƙashin rubuce-rubucensa. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, yawancin aikin da ya ɗaukaka shi a kwalejin horon malamai ya yi shi, irin tamu, kuma aikin nahawu ne, wanda da yawa daga cikinmu su kan soma gyangyaɗi da zarar malami ya ambace shi.

An haife shi ran 16 ga Satumba, 1895, a wani ɗan ƙauye, Bukit Kerdas, kusa da Batu Kikir cikin ƙasar Negeri Sembilan. Ana ba da labari cewa tun yana ƙaramin yaro ya ke koya wa kansa rubutu da tsinke a kan ɗanyen ganyen ayaba, har ubansa ya gani, ya samo masa allo. Bai shiga makarantar gwamnati ba sai da ya kai wajen shekara goma sha biyu. Daga nan aka kai shi garin Linggi, inda ya haɗa karatun Malayanci da na Larabci da addini, gama nufin ubansa shi ne ya zama malamin addini. Amma a 1910 sai ga shi a makarantar St. Paul ta garin Seremban, makarantar mishan ta Katolika, inda a ke koyarwa da Turanci. A zamanin nan iyaye Malayawa da yawa suna tsoron irin waɗannan makarantu, don gudun kada a juya wa 'ya'yansu addini. Mu da muka bi ta hannun mishan mun san wannan tsoro, mun ji shi a bakin maƙwabta. Shi dai Za'ba ya shiga Musulmi ya fito Musulmi, har daga baya ya yi ta rubutu a kan addininsa. A 1915 ya ci babbar jarrabawar Kambirij, yana cikin Malayawa na farko-farko da suka ci ta.

A 1916 ya soma aikin malanta a Johor Bahru. Bayan shekara biyu aka ɗauke shi zuwa kwalejin Kuala Kangsar, wadda Ingilishi suka buɗe a 1905 domin 'ya'yan sarakuna da na manyan ƙasa. To, nan ya ga abin da ya tsaya masa a rai. 'Ya'yan sarauta ana ba su Turanci, ana shirya su su riƙe muƙamai, amma ɗan talaka iyakarsa 'yan shekaru a makarantar ƙauye, a koya masa karatu da ɗan lissafi da saƙar kwando da aikin lambu, sa'an nan a mai da shi gonar shinkafa ko jirgin kamun kifi na ubansa. Haka masu mulki suka tsara da gangan, domin a ganinsu talaka mai ilmi da yawa fitina ne. Za'ba kuwa bai iya kame bakin alƙalaminsa ba. Ya yi ta rubutu cikin jaridu, su Utusan Melayu da Lembaga Melayu, sau da yawa da sunayen aro. A 1923 ya buga wata maƙala da Turanci cikin jaridar Malay Mail a kan talaucin Malayawa, ya nuna yadda aka bar su baya a ƙasarsu, ga dukiyar kuza da ta roba tana fita a kan idonsu. Bai kuwa ɗora wa baƙi laifin duka ba, ya taɓa mutanensa su ma a kan rashin neman ilmi da dogara ga wani. Gaskiya ɗaci gare ta. Hukuma ba ta sake jiki da shi ba, a cikin shekaran nan aka raba shi da aji, aka mai da shi ofishin ilmi na Kwala Lamfur yana aikin fassara.

Ashe wannan ne zai zama mafarin alherinsa. A 1922 an buɗe kwalejin horon malamai ta Sultan Idris a garin Tanjung Malim cikin ƙasar Perak, shugabanta na farko wani Bature ne, O. T. Dussek, mai son a koyar da kome da harshen ƙasa. A 1924 aka kai ofishin fassara can, aka kai Za'ba tare da shi, ya zauna nan har 1939. Aikin ofishin shi ne shirya littattafan makaranta, da kuma littattafan hira na karantawa a gida. Wanda ya san labarin ofishin fassara na Zariya, wanda ya fitar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, ya san irinsa, gama dabarar Ingilishi ɗaya ce a ƙasashen biyu.

Sunan ofishin nan da Malayanci Pejabat Karang Mengarang, kuma daga wannan suna zan shiga zancen abin da Za'ba ya ƙarar da ƙarfinsa a kai. Kalmar karang asalinta shirya abu a jere ne, kamar yadda a ke shirya furanni ko duwatsun wuya. In aka ce mengarang, watau a tsara magana a rubuce. Pengarang shi ne mawallafi, karangan kuma abin da ya wallafa. In aka jera biyu aka ce karang-mengarang, to, an haɗa sha'anin wallafa duka ke nan. Kun ga saiwa ɗaya ce, abin da a ke liƙa mata a goshi ko a ƙeya shi ke juya ma'anar. Mu ma muna da irin wannan, gama daga ɗinka mu ke samun maɗinki, daga buɗe mu sami mabuɗi, daga karanta mu sami makaranta. Amma na Malayawa ya fi namu yawa nesa, domin aikatau nasu ba ya sakewa saboda lokaci, sunayensu ba namiji ba tamace, kusan nauyin harshen duka a kan ɗafe-ɗafen nan ya rataya.

Ga misalin da ya shafe mu. Saiwar ajar ta koyarwa ce. Mengajar shi ne a koyar, belajar a koya, diajar a zama wanda aka koya wa. Pengajar mai koyarwa, pelajar ɗalibi. Pelajaran darasi, ajaran koyarwar wani malami ko ta wani addini, terpelajar kuwa mutum mai ilmi. Duk abin da mu ke yi a wannan kwaleji tun daga ƙararrawar safe har ta dare yana cikin 'yan baƙaƙen nan huɗu. Zan riƙa rubuta misalan da irin rubutun yau, ko da ya ke a zamanin Za'ba waɗansunsu dabam a ke rubuta su.

Wurin da ɗalibi ya kan sha wuya shi ne ɗafa-goshin me, wanda ke nuna mai aikatawa. Wannan ɗafi hawainiya ne, kowane baƙi ya tarar sai ya sake launi. Gaban lihat, gani, ya kan tsaya yadda ya ke, a ce melihat. Gaban baca, karatu, ya zama membaca. Gaban dengar, ji, ya zama mendengar. Gaban ambil, ɗauka, ya zama mengambil. Har yanzu da sauƙi, tun da saiwar tana nan ana ganinta. Amma akwai baƙaƙe huɗu, p da t da k da s, waɗanda in ɗafin ya same su a farkon saiwa sai ya haɗiye su ɗungum. Tulis, rubutu, ya koma menulis. Pukul, duka, ya koma memukul. Kirim, aikawa, ya koma mengirim. Sapu, shara, ya koma menyapu. Haka kuma ɗafin pe na mai yi ko abin yi ya ke bin wannan hanya sak, a ce penulis marubuci, pembaca mai karatu, penyapu tsintsiya. Saboda haka baƙon da ya ga menulis ya buɗe ƙamus yana nemansa ƙarƙashin m, ko ƙarƙashin n, sai ya yini bai same shi ba, domin yawancin ƙamusoshinsu bisa saiwa aka shirya su, kalmar tana can ƙarƙashin t. Ɗan ƙasa ba ya kuskuren wannan a baki, ya sha shi a nono. Amma malamin ƙauye da yaro zai tambaya don me t ta ɓace, b kuwa ba ta ɓace ba, lalle yana bukatar wanda zai shirya masa amsa. Amsar ita ce, huɗun nan ba a kaɗa maƙogwaro wajen faɗinsu, su ne sautin hanci ke cinyewa, masu kaɗa maƙogwaro irin su b da d da g kuwa sai su tsira.

Sauran ɗafe-ɗafen ba su da wannan rikici, amma ma'anarsu ta fi zurfi. Duduk shi ne zama. In an ce mendudukkan, an zaunar da wani. In an ce menduduki, an zauna a kan wuri, ko an mamaye shi. Penduduk mazaunin gari, kedudukan matsayin mutum. Ɗafin ter kuwa, ni a ganina ya fi duka ban sha'awa, gama ya kan nuna abin da ya auku ba da niyya ba. Tidur barci ne, amma tertidur shi ne barcin da ya sace mutum, irin na aji bayan cin tuwon rana. Shi ne kuma in ya hau kan siffa ya ke kai ta matuƙa, besar babba, terbesar mafi girma duka. Akwai ma 'yan ɗafa-ciki da suka tsufa, ba su haifar sababbin kalmomi sosai, kamar yadda tunjuk, nuni, ya ba da telunjuk, yatsan nuni.

Wanda ya fi aiki wajen ƙirar kalmomin zamani shi ne mai kama kalma gaba da baya lokaci ɗaya, kamar ke a goshi da an a ƙeya. Malayawa sun ari kalmomin Larabci da yawa kamar yadda muka ara. Suna cewa adil, mu muna cewa adali, su suka ƙera keadilan, mu muka ƙera adalci. Suna da miskin, muna da miskini, kemiskinan shi ne talauci, abin da Za'ba ya yi kuka a kansa. Daga merdeka, mai 'yanci, aka sami kemerdekaan, 'yancin kai. Daga bangsa, al'umma, aka sami kebangsaan, abin da ya shafi al'umma duka. Ta irin wannan hanya pustaka, littafi, ya ba da perpustakaan, ɗakin karatu, bangun, tashi, ya ba da pembangunan, raya ƙasa. Masu cewa harshen ƙauye ba shi iya ɗaukar ilmin zamani, ga amsarsu nan. Har sunayen ɗafe-ɗafen kansu da ɗafi aka yi su, ɗafa-goshi awalan daga auwal na Larabci, ɗafa-ƙeya akhiran daga ahir.

Kada a ce Za'ba ne ya fara rubuta nahawun harshen. Tun tsakiyar ƙarni na 19 Raja Ali Haji na tsibiran Riau ya rubuta Bustan al-Katibin, amma bisa tsarin nahawun Larabci ya bi, na isimi da fi'ili da harafi. Wani Bature kuma, R. O. Winstedt, ya fitar da nasa a 1913, amma da Turanci, domin Turawa masu koyon harshen. Abin da babu shi ne littafin da aka rubuta da Malayanci mai sauƙi, daki daki, wanda malamin da bai ji Turanci ba zai riƙe ya shiga aji da shi. Wannan giɓi Za'ba ya cike. A 1934 ya fitar da Ilmu Mengarang Melayu a kan yadda a ke tsara rubutu. Ya daidaita ƙa'idar rubutun boko da aka bi a makarantu tun daga wajen 1933, har aka riƙa kiranta da sunansa. Ya kuma shirya littafin da ya jera kalmomi da rubutu iri biyu, da Jawi, watau ajaminsu, da Rumi, watau bokonsu. Sa'an nan babban aikinsa, Pelita Bahasa Melayu, ma'anarsa fitilar harshen Malayawa, juzu'i uku. Na farko ya fito dab da yaƙi ya iso ƙasar, sauran biyu sai bayan yaƙi. A ciki ya kasa kalmomi gida biyar, suna da aikatau da siffa da mahaɗi da kalmar motsin rai, ya bi ɗafe-ɗafe ɗaya ɗaya da misalai.

Masanan da suka zo baya sun yi masa suka, wai ya ɗinka wa Malayanci riga bisa awon Turanci. Akwai gaskiya a ciki, gama da nahawun Turanci aka horar da shi a Seremban, kuma mutum da abin hannunsa ya ke aiki. Amma ni ina ganin ya kamata a tuna da wanda aka ɗinka wa rigar. Kowace shekara ɗalibai suna fita daga Tanjung Malim suna bazuwa ƙauyuka, kowa da karin harshen garinsu, na Kelantan dabam, na Kedah dabam, na Johor dabam. Littafin nan ne ya sa yaron arewa da yaron kudu suka riƙa rubuta kalma ɗaya iri ɗaya. Ya kuwa daɗe a hannun malamai wajen shekara arba'in, sai a 1986 da Tatabahasa Dewan ya fito ya gaje shi.

A 1939 aka kai shi ofishin watsa labarai na Singafo. Japanawa suka shigo ƙasar a Disamba 1941, Singafo ta faɗa hannunsu ran 15 ga Fabrairu, 1942, suka riƙe ƙasar har 1945. Wannan zamani Malayawa suna kiransa pendudukan Jepun, daga saiwar duduk ɗin nan ta zama, watau zaman da Japan ta yi musu a ka. Da Ingilishi suka komo sai suka kawo wani sabon tsarin mulki wanda zai rage ikon sarakuna ƙwarai, Malayawa suka ƙi. Aka yi babban taro a Kwala Lamfur cikin Maris 1946, Za'ba yana cikin manyansa, daga nan aka haifi jam'iyyar UMNO cikin Mayu na shekaran nan. Ana ba da labari cewa shi ya ba da shawara a sa kalmar kebangsaan cikin sunan jam'iyyar, tana nan kuwa a ciki har yau. Amma siyasa ba gonarsa ba ce. A 1947 ya tafi Landan yana koyar da Malayanci a makarantar harsunan Gabas da na Afirka, inda a lokacin a ke koyar da Hausa ita ma. A 1953 ya shiga Jami'ar Malaya a Singafo, ya shugabanci sabon sashen nazarin Malayanci.

Cikin Satumba 1956 aka yi babban taro na uku a kan harshe da adabin Malayawa, a Singafo da Johor Bahru. A nan aka tsai da shawara rubutun boko ya zama shi ne na hukuma, a nan kuma aka naɗa wa Za'ba laƙabin Pendeta, watau shehun malami. Kalmar daga harshen Sanskirit na Indiya ta fito. Abin dariya, in ka ƙetare ruwa zuwa Indonesiya ka ce pendeta, fasto za a nuna maka.

Wannan bambanci yana da tarihi. A 1824 Ingila da Holan suka yi yarjejeniya a Landan, suka raba yankin, Ingila ta riƙe Malaya da Singafo, Holan ta riƙe tsibiran kudu. Harshe ɗaya ya tashi a gida biyu. Ran 28 ga Oktoba, 1928, samarin tsibiran suka yi alkawari cewa harshen da zai haɗa su shi ne wannan, suka raɗa masa suna harshen Indonesiya. Ɗafe-ɗafen ɗaya ne a ƙasashen biyu, amma ba kullum su ke haifar ma'ana ɗaya ba. Daga raja, sarki, an sami kerajaan, a Malesiya gwamnati ke nan, a Indonesiya kuwa masarauta, gwamnati sai su ce pemerintah, daga perintah, umurni, kun ga p ta ɓace nan ma. Pejabat ɗin nan da ke cikin sunan ofishin Za'ba, a Malesiya ofis ne, a Indonesiya kuwa ma'aikacin da ke zaune a ofis ɗin.

Malaya ta sami 'yancin kai ran 31 ga Agusta, 1957, tsarin mulki ya ce Malayanci ne harshen ƙasa. Za'ba ya ga wannan da idonsa. Ya kuma ga wani abin da ba kowane malami zai so gani ba. Ran 16 ga Agusta, 1972, Malesiya da Indonesiya suka soma aiki da ƙa'idar rubutu ɗaya, aka ajiye tasa. Inda ya ke rubuta ch aka koma c. Aka bar sa lamba 2 bayan kalma don nuna an maimaita ta, aka koma rubuta ta sau biyu, kamar orang-orang, mutane. A tsarinsa a kan sa ɗan karan ɗori bayan di ko'ina ya zo. Sabuwar ƙa'ida ta raba su, in di ɗafi ne a manne shi, kamar dibaca, an karanta, in kuwa na nuna wuri ne a ware shi, kamar di rumah, a gida. Wannan gyara dai, ko mai ƙaunar Za'ba ya yarda ya fi nasa, ko da ya ke har yau 'yan makarantar ƙasashen biyu suna ruɗewa a kansa.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya rasu, ran 23 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 78. Kwalejin Tanjung Malim inda ya yi shekara goma sha biyar ta zama jami'ar horon malamai a 1997, tana riƙe da sunan Sultan Idris. A Jami'ar Malaya akwai ɗakin karatu da gidan kwanan ɗalibai masu sunansa. A Batu Kikir kuma an gina gidan katako irin na gargajiyar ƙasar, an tara littattafansa da kayansa a ciki domin masu ziyara, ana kiransa Teratak Za'ba, watau 'yar bukkar Za'ba.